Dihya ta Duwatsun Auras: Sarauniyar da Abokan Gabarta Suka Raɗa wa Suna

Sunan da duniya ta fi saninta da shi ba nata ba ne. Kahina kalmar Larabci ce, kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya ji tafsirin Suratuɗ Ɗur ko Suratul Haƙƙa ya san ma'anar kahin: boka, mai duba, mai da'awar sanin gaibu. Da wannan laƙabi marubutan Larabawa suka kira matar da ta tare rundunar Banu Umayya a duwatsun Auras, a gabashin ƙasar Aljeriya ta yau, wajen ƙarshen ƙarni na 7. Sunanta na ainihi, kamar yadda ya zo a tarihin Ibn Khaldun, Dihya ne, daga ƙabilar Jarawa, wani reshe na Zanata cikin mutanen Barbar. Kada mai karatu ya rikita Barbar da Barebarin Borno. Barbar su ne mutanen asali na Afirka ta Arewa, waɗanda a yau suka fi son a kira su Amazig, kuma Buzayen da muke cuɗanya da su daga Agadas har kasuwannin Kano danginsu ne ta fuskar harshe.

Na fara da batun suna ne domin nan ne matsalar take. Babu ko layi ɗaya da ya iso mana daga bakin wannan mata ko daga alƙalamin mutanenta. Duk abin da muke da shi, jikokin waɗanda suka ci ta da yaƙi ne suka rubuta. Ɗaya daga cikin marubuta na farko da suka ba da labarinta, Ibn Abdul Hakam na Masar, ya rasu a 871, kimanin shekara 170 bayan mutuwarta. Al-Maliki na Ƙairawan, wani birni a Tunisiya ta yau, ya zo a ƙarni na 11, Ibn Izari a farkon na 14, Ibn Khaldun kuma ya rasu a 1406. Abin lura shi ne, yadda zamani ke ƙara nisa, haka labarin ke ƙara faɗi. Na farko sun kawo shi a taƙaice. Na baya sun zo da hirarraki, da duban gaibu, da shekarun rayuwarta, har ana cewa ta yi shekara 127 a duniya, 35 daga ciki a kan mulki. Wanda zai karanta irin wannan labari dole ya riƙa tambayar kansa: me marubucin yake son ya nuna, kuma wa yake rubuta wa?

Kafin ta fito fili, an riga an shafe rabin ƙarni ana fafatawa. Masar ta faɗa hannun Amru bn Asi cikin shekara uku kacal, daga 639 zuwa 642. Magrib kuwa, wato ƙasashen Afirka ta Arewa da ke yamma da Masar, ta ci wajen shekara sittin, tun daga yaƙin Subaiɗila a 647, inda aka kashe gwamnan Rumawa Jurjir. Dalilin bai ɓuya ba. A Masar akwai gwamnati ɗaya, idan ta rushe an gama. A Magrib Rumawa bakin teku kawai suka riƙe da wasu ganuwoyi, sauran ƙasar kuwa tana hannun ƙabilu masu cin gashin kansu, kowace da dutsenta da makiyayarta. Ka ci wannan yau, gobe waccan ta taso. Mutanen Auras musamman, inda tsaunin Shiliya ya kai mita 2,328, sun riga sun wahalar da Rumawa a ƙarni na 6, har sai da daular ta kewaye duwatsun da ganuwoyi.

Mutum biyu ne suka gwada hanya biyu. Uƙba bn Nafi'u, wanda ya kafa Ƙairawan a 670, jarumi ne mai tsananin himma, kuma mai kaushin hannu. Ibn Abdul Hakam ya ruwaito cewa tun kafin nan ya ratsa Fezzan har ya kai Kawar, wadda yau take cikin Jamhuriyar Nijar, kuma ya yanke kunnen wani sarki, ya yanke yatsan wani, ya aza musu harajin bayi. Wanda ya gaje shi, Abul Muhajir Dinar, ya bi ta lallashi. Ya jawo Kusaila, shugaban ƙabilar Awraba, ya musulunta, suka ƙulla amana. Da aka mayar da Uƙba kan muƙaminsa, sai ya ɗaure Abul Muhajir, ya wulaƙanta Kusaila. Marubutan Musulmi da kansu suka adana labarin cewa ya sa shi fiɗar tumaki a gaban jama'a, Abul Muhajir ya gargaɗe shi, ya tuna masa yadda Manzon Allah (SAW) yake tausasa zukatan shugabannin ƙabilu sababbin shiga Musulunci. Uƙba bai saurara ba. A 683, yana dawowa daga doguwar tafiyarsa ta yamma da 'yan tsirarun mayaƙa, Kusaila ya tare shi a Tahuda, kusa da Biskra, aka kashe shi tare da Abul Muhajir. Kusaila ya shiga Ƙairawan, ya ba Musulmin da suka rage aminci, ya yi mulki 'yan shekaru kafin Zuhairu bn Ƙaisu ya kashe shi a Mams.

Wannan shimfiɗa tana da muhimmanci, domin tana nuna cewa yaƙin bai tsaya a kan imani da kafirci kaɗai ba. Akwai mutunci a ciki, akwai haraji, akwai bautar da 'ya'yan mutane, akwai tambayar wa zai mallaki makiyaya da hanyoyin fatauci. Ruwa ba ya tsami banza.

Bayan da Halifa Abdul Malik bn Marwan ya gama da rikicin Abdullahi bn Zubairu a 692, hankalinsa ya komo yamma. Ya tura Hassanu bn Nu'uman al-Gassani da runduna da aka ce ta kai mutum 40,000, mafi girma da aka taɓa turawa wannan yanki. Hassanu ya nufi Kartaj, hedikwatar Rumawa kusa da birnin Tunis na yau, ya ci ta. Rundunar ruwan Rumawa ta ƙwace ta a 697, ya sake karɓe ta a 698, daga nan kuma mulkin Rumawa ya ƙare a can. Ruwayoyi sun sha bamban kan ko karonsa na farko da Dihya ya zo ne kafin faɗuwar Kartaj ta biyu ko bayanta, amma sun haɗu a kan yadda abin ya faro. Hassanu ya tambaya wane sarki ne ya rage mai ƙarfi a ƙasar. Aka ce masa wata mata ce a dutsen Auras, Rumawa na tsoronta, Barbar na yi mata biyayya, idan ya gama da ita ya gama da Magrib.

A nan ne muke fara ganin basirarta ta yaƙi. Da ta ji yana tafe, sai ta sauko ta rushe ganuwar Bagaya, wani gari mai tsaro a gindin duwatsun ta arewa, don kada ya mayar da shi sansani. Mayaƙanta mutanen dutse ne da makiyaya, ba su saba da tsaron ganuwa ba, kuma ganuwar da ba za ka iya riƙewa ba makami ce a hannun abokin gabarka. Ta ja shi zuwa filin da ta zaɓa, a bakin wani rafi da ruwayoyi suke kira Nini ko Miskiyana. Aka yi mummunan karo, rundunar Hassanu ta watse, ta bi su da kora har yankin Ƙabis. Larabawa suka sa wa rafin suna Kogin Bala'i. Hassanu bai tsaya ba sai a gabar tekun Libiya ta yau, inda ya zauna jiran umarnin Halifa na tsawon shekaru, wasu suka ce biyar. Har wurin ya ɗauki sunansa, ana kiransa Ƙusuru Hassan.

A tsaya a dubi wannan da kyau. Daular Musulmi da ta rushe Farisa, ta ƙwace Sham da Masar daga hannun Rumawa, ita ce mace ɗaya ta mayar baya na wasu shekaru. Kuma ba da ƙabilarta kaɗai ta yi ba. Jarawa ba su kai yawan da za su tari irin wannan runduna ba, sai da ta ɗaure ƙabilu daban-daban a tsintsiya ɗaya, har da ragowar Rumawa da mutanen garuruwa. Ruwayar da ke cewa 'ya'yanta maza biyu ɗaya ubansa ɗan Barbar ne ɗaya kuma Bagirke, ko da ƙari a cikinta, tana nuna irin gamayyar da ta jagoranta.

Sai labarin fursunoni, wanda a ganina shi ne zuciyar al'amarin. An ce ta kama wajen mutum 80 daga cikin mutanen Hassanu. Ba ta kashe su ba, ta kyautata musu, ta sake su, ban da ɗaya: Khalid bn Yazid. Shi ta ɗauke shi ɗa. Ta kwaɓa garin sha'ir da mai, ta shafa a ƙirjinta, ta kira 'ya'yanta biyu da Khalid ta ce su ci, sannan ta ce musu sun zama 'yan'uwa. A fiƙihunmu shayarwar da ke haramta aure ta jariri ce, wannan kuwa al'adar Barbar ce ta ƙulla zumunta da baƙo, har a yi gado a tsakani. Masu ruwayar sun ce Khalid ya ci gaba da aika wa Hassanu asirinta, wani lokaci a cikin gurasa, wani lokaci a cikin sirdi, kuma ita da dubanta tana sane. Sun kawo wannan ne don su nuna bokancinta. Ni kuwa abin da nake gani shugaba ce da ta san cewa nasara ɗaya ba ta ƙare yaƙi da daula mai taskar Masar a bayanta, don haka tun tana da rinjaye ta bar ƙofar sulhu a buɗe. Wanda ya yi niyyar yaƙin ƙare dangi ba ya sakin fursunoni, balle ya shigar da ɗayansu cikin gidansa.

Babban laifin da aka ɗora mata shi ne ƙona ƙasa. An ce ta tara mutanenta ta gaya musu cewa Larabawa birane suke so da zinariya da azurfa, su kuwa gonaki da makiyaya sun ishe su, saboda haka a rusa biranen, a sare itatuwa, don baƙin su yanke ƙauna. Marubutan suka ƙara da cewa kafin nan ƙasar inuwa ɗaya ce daga Ɗarabulus ta Libiya har Ɗanja ta Maroko, ƙauye na manne da ƙauye, ita ta mayar da ita kufai. Masana tarihi da dama na wannan zamani ba su karɓi maganar a yadda take ba, kuma ina tare da su. Tsakanin Ɗarabulus da Ɗanja tafiyar watanni ce a ƙafa, ikonta bai taɓa kai can ba. Lalacewar biranen yankin ta faro tun kafin a haife ta, da yaƙe-yaƙen Bandal (wata ƙabilar Turai da ta mamaye yankin) da Rumawa da annobar ƙarni na 6, sannan hare-haren shekara hamsin na Larabawan kansu sun bar tabonsu. Kuma a ƙarni na 9, zamanin sarakunan Aglabawa na Ƙairawan, ƙasar ta yi arziki da zaitun da alkama. Labarin yana da amfani ga mai rubuta shi, domin yana ɗauke alhakin ɓarna daga wuyan wanda ya ci nasara, ya mayar da dawowar Hassanu ceto.

Duk da haka ba na jin an ƙirƙire shi ne daga babu. Wadda ta rushe Bagaya za ta iya rushe wasu ganuwoyin da rumbunan da ke kan hanyar abokin gaba. Kuma a nan rauninta yake. Makiyayi idan aka ƙone wuri sai ya kora dabbobinsa ya yi gaba. Mai gonar zaitun ba ya iya haka, bishiyar da kakansa ya dasa ita ce dukiyarsa, idan aka sare ta sai an yi shekaru kafin wata ta ba da 'ya'ya. Abin da ya zama dabara ga rabin magoya bayanta, asara ce ga ɗaya rabin. Shi ya sa ruwayoyi suka ce da Hassanu ya dawo da sabuwar runduna, mutanen Ƙabis da Ƙafsa da garuruwan dausayin kudu suka tarbe shi da biyayya. Gamayyar ta tsinke tun kafin a zare takobi.

Ƙarshenta ya zo ne a farkon shekarun 700. An ce da ta tabbatar ba za ta yi nasara ba, sai ta kira 'ya'yanta biyu ta haɗa su da Khalid, ta ce su je wurin Hassanu su nemi aminci. Aka ba ta shawarar ta gudu ta bar masa ƙasar, ta ƙi, ta ce ita sarauniya ce, sarakuna ba sa gudun mutuwa, ba za ta jawo wa mutanenta abin kunya na har abada ba. Ta fita ta yi yaƙi, aka kashe ta kusa da wata rijiya da aka ci gaba da kira Rijiyar Kahina. Hassanu ya karɓi 'ya'yan, ya shardanta wa Barbar su ba da mayaƙa 12,000 da za su yi yaƙi tare da Larabawa, ya naɗa 'ya'yan nata a kansu.

Wasu suna karanta wannan a matsayin miƙa wuya, wasu a matsayin shaidar cewa a ƙarshe ta gane gaskiya. Ni ina ganin ta raba abu biyu da shugabanni da yawa suke kasa rabawa: mutuncin kanta da rayuwar jama'arta. Ita ta ɗauki mutuwa domin kada a ce Jarawa sun gudu. Jama'arta kuma ta nema musu shiga sabon tsarin ta ƙofar mayaƙa masu rabo a ganima da shugabanninsu na gida, maimakon ta ƙofar bayi. Ko da za a ce marubuta ne suka ƙawata labarin, sakamakon ba ƙawa ba ne. Shekaru kaɗan bayan haka, a 711, Ɗariƙu bn Ziyad ya ƙetare teku zuwa Andalus, wato Sifen da Fotugal na yau, a ƙarƙashin Musa bn Nusairu, kuma mafi yawan mayaƙansa Barbar ne. Hanyar Abul Muhajir ce ta yi aiki daga ƙarshe, bayan an zubar da jinin da bai kamata a zubar ba.

Game da addininta, an yi ta ja-in-ja. Ibn Khaldun ya ambaci Jarawa cikin ƙabilun da mai yiwuwa sun karɓi Yahudanci, kuma fassarar Faransanci da de Slane ya yi a tsakiyar ƙarni na 19 ta sa maganar ta yi ƙarfi fiye da yadda take a Larabcin. Masanin tarihi ɗan Tunisiya Muhammad Talbi ya sake duba nassin, ya karkata ga cewa Kirista ce. Al-Maliki kuwa ya ce tana tafe da gunki na katako a kan raƙumi, wanda wasu suka fassara da cewa hoton ibadar Kirista ne. Abin da duka ruwayoyin suka haɗu a kai ɗaya ne, ba Musulma ba ce.

Wannan kuwa shi ke sa wasu 'yan'uwa Musulmi jin nauyin yaba mata, kamar yabonta suka ne ga zuwan Musulunci. Ban ga haka ba. Mutum zai iya gode wa Allah da Musulunci ya kafu a Magrib, kuma ya yi adalci ga matar da ta ga runduna ta shigo ƙasarta ta tashi ta kare. Siyasar Banu Umayya ba ita ce addini ba, kuma Barbar Musulmi da kansu suka tabbatar da haka. Halifa Umaru bn Abdul Aziz ya tura musu jikan Abul Muhajir, Isma'ila, a matsayin gwamna, tare da malamai goma daga Tabi'ai, jama'a suka yi ta shiga addini. Bayan rasuwarsa a 720 aka koma gidan jiya. Gwamnan da ya biyo baya, Yazidu bn Abi Muslim, masu gadinsa Barbar ne suka kashe shi saboda wulaƙanci. Ɗabari ya kawo koken da wata tawagar Barbar ta kai ƙofar Halifa Hishamu: ana sa su a sahun gaba wajen yaƙi, a hana su ganima, ana farke cikin tumakinsu don neman fatar 'yan tayi, ana ɗebe musu 'yan mata. Ba su samu ganin Halifan ba. A 740 Maisara al-Madgari ya tayar da bore a Ɗanja, aka karkashe manyan Larabawa a yaƙin da ake kira na Ashrafu, a 741 aka sake murƙushe rundunar Sham, kuma yammacin Magrib bai sake komawa hannun Dimashƙa ba. Waɗannan 'yan tawaye da sunan Musulunci suka yi yaƙi, suna neman daidaiton da addinin ya yi musu alkawari. Ƙorafinsu kuwa bai yi nisa da abin da ya fitar da Kusaila da Dihya fagen fama ba.

A zamanin baya-bayan nan kowa ya ja ta ɓangarensa. Marubutan mulkin mallakar Faransa, bayan mamaye Aljeriya a 1830, sun ɗaukaka ta domin su nuna cewa Larabawa ma baƙi ne 'yan mamaya, don haka zuwansu ba sabon abu ba ne, kuma su raba Barbar da Larabawa. Yahudawan Afirka ta Arewa sun riƙe ta a matsayin tasu. Masu kishin Larabci sun fi son ɓangaren da ta tura 'ya'yanta. Masu fafutukar Amazig, waɗanda gwagwarmayarsu ta fito fili a Tizi Wuzu ta Aljeriya a 1980 har harshensu ya zama na hukuma a Maroko a 2011 da Aljeriya a 2016, sun dawo da sunan Dihya, suna raɗa wa 'ya'yansu mata. Duwatsun nata kuma ba su daina abin da suka saba ba, domin Auras na cikin manyan wuraren da yaƙin ƙwatar 'yancin Aljeriya ya ɓarke a daren 1 ga Nuwamba 1954. A 2003 an kafa mutum-mutuminta a Bagaya, garin da ta rushe ganuwarsa. A ɗaya gefen duwatsun, ta kudu, akwai garin Sidi Uƙba, inda kabarin Uƙba yake a cikin masallaci, mutane na kai ziyara.

Mu ma wannan tarihi ya taɓa mu ta hanyar da ba mu cika lura ba. Ƙairawan da aka yi ta karɓe-karɓe a kanta ita ce ta zama cibiyar mazhabar Malikiyya, a can Sahnun ya tattara Mudawwana, kuma daga Magrib fatake da malamai, da yawansu Barbar, suka ratso Sahara da addini da littattafai. Risala da almajiri ke buɗewa a zauren malam a Kano ko Zinder ta Ibn Abi Zaid ce, mutumin Ƙairawan, wanda ya rasu a 996. Kuma daga gare shi ne Ibn Khaldun ya ruwaito maganar nan cewa Barbar sun yi ridda sau goma sha biyu, Musuluncinsu bai zauna daram ba sai a zamanin Musa bn Nusairu, lokacin da suka ƙetare tare da Ɗariƙu zuwa Andalus.